Farantin Gyaɗar Kawu Iro

Duk wanda ya nemi aiki a kwalejinmu zamanin Kawu Iro, mai shara ne ko malamin lissafi, sai ya zauna gaban farantin gyaɗa. Ku da kuka yi zamani da shi kun tuna farantin nan mai zanen fure, wanda fentinsa ya ɓamɓare har ba a gane furen. Kana zama zai turo maka shi da ɗan yatsa ya ce, "Bismillah, taɓa." Sai ya sunkuyar da kai cikin fayil kamar mai karatu, alhali idanunsa na saman tabarau suna bin yatsunka. Kai kana can kana shirya amsar tambayoyi, ba ka san tuni an fara jarrabawar ba.

Wanda ya watsar da ɓawo a ƙasa, Kawu ya ce kullum sai wani ya share masa aikinsa. Wanda ya cusa ɓawon a aljihu mai rufin asiri ne, ana iya ba shi makullin ɗakin jarrabawa. Wanda ya tsince manyan ya bar ƙanana, kada a kai shi sito. Wanda kuwa ya share farantin tas, a ɗauke shi in ana so, amma a nisanta shi da kicin. In ka ce masa ga satifiket ɗin mutum nan fa, sai ya ɗaga takardar da yatsu biyu ya ce, "Takarda ba ta gardama. Abin da ka rubuta mata shi za ta faɗi." Ɓawon ma ba ya zubarwa. A buhu yake tara shi bayan ƙofa, in ya cika ya ɗaure a keke ya kai gona.

Don waɗanda ba su riske shi ba, Malam Iro shi ne babban akawun kwalejin horon malamai da attajiran auduga na yankinmu suka haɗu suka gina, can gefen hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. Ma'aikata Cif suke ce masa. Ɗaukar aiki, hutu, ƙarin girma, sasanta mai dafa abinci da mai wanki, duk a teburinsa ake yi. Firinsifal ya zo ya tafi, wani ya zo ya tafi, Kawu na nan da farantinsa. A wurina kuma, yayan mahaifiyata ne. A gidansa na tashi, a bayan kekensa aka kai ni firamare, kuma shi ya matsa sai da na tafi Zariya na yi kwas ɗin kula da ma'aikata. Da ya san abin da zan dawo masa da shi, watakila da ya bar ni a gona.

Na dawo a farkon shekarun tamanin da difloma, da jaka mai makulli, da kai kamar buhun auduga, ga girma babu nauyi. Hukumar gudanarwar kwalejin ta ɗauke ni jami'in kula da ma'aikata. A makon farko shugabanta, Alhaji Mamman, ya kira ni gidansa ya shimfiɗa mini wani kwali da aka zana wa akwatuna, kowane akwati da sunan muƙami a ciki.

"Malam Lawal, ka ga wanga akwati? Na kula da ma'aikata ne. Guda ɗaya ne, ku kau ku biyu ne. Daga nan zuwa kaka muna so ka maida mana ofishin nan na zamani, ka kuma miƙa ma Malam Iro takarda ya tafi ya huta."

Na ce, "Alhaji, me zai hana hukuma ta ba shi da kanta?"

"Mu kunyarshi muke ji."

"Ni fa, Alhaji?"

"Kai ɗanshi ne. Za ta fi mashi daɗi daga hannunka."

Haka manya suke, in garwashi za a ɗauka da hannun wani suke ɗauka. Ranar Lahadi da babu kowa na shiga ofis, na zaro sabon kabon, baƙar takardar nan ta kwafi, na buga takardar da kaina don kada Madam Felishiya, mai buga mana tafireta, ta gani. Na jefa kabon ɗin a kwandon shara, na liƙe takardar a sabuwar ambulan. Tun daga ranar, duk rigar da na sa, ambulan ɗin nan nake fara zurawa a aljihu. Na ce wa kaina zan jira Kawu ya tafka kuskure babba, yadda zan miƙa masa ita raina a ɓace, don na san raina a kwance ba zan iya ba.

Abin da na fara kawowa fom ne na tantance masu neman aiki, mai gurbi goma, kowane gurbi da makinsa. Kawu ya karɓa ya duba gabansa, ya juya ya ga bayansa fari tas, sai fuskarsa ta washe.

"Wanga abu zai yi amfani," in ji shi. "Bayanshi."

Aka yi sa'a ana neman mutum biyu a lokacin, mai kula da sito da masinja. Muka yi yarjejeniya ni in zaɓi na sito da fom, shi ya zaɓi masinja da gyaɗa, a ga wanda zai ji kunya. Nawa wani ɗan gayu ne mai laktaye, Turanci a bakinsa kamar rediyo, ya cinye kusan duk makin da ke fom ɗin. Da ya fita Kawu ya ce, "Ka lura da shi? Yana tauna yana duban ƙofa. Wanga ba mazauni ba ne." Na ce a raina, hassadar tsofaffi.

Nasa kuwa wani Ɗanladi ne daga Tsiga. Bawan Allah ya zauna ya ɓare farantin nan kaf, ya tara ƙwaya gefe, ɓawo gefe, bai kai ko ɗaya baki ba. Kawu har da cire tabarau.

"Lawal, shekara ashirin ina jiran irin wanga. Ka ga amana a zaune."

Bayan mako uku ɗan gayuna ya samu aikin banki a Kaduna, ya tafi ba sallama, da makullin sito a aljihunsa. Sai da aka kira kafinta ya ɓalle ƙofar. Kawu kuwa tsince ƙusoshin kawai ya yi, ya zo gaban teburina yana miƙe su da dutse ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi zagi ciwo.

Amma Allah ba ya barin wani don wani. Amanar Kawu ta zama gwanar barci. In aka aiki Ɗanladi Malumfashi da wasiƙa ranar Litinin, sai Alhamis a gan shi, wani lokacin da wasiƙar a hannu. Madam Felishiya ce ta fasa ƙwan. Haifaffiyar Funtuwa ce, iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, Hausa a bakinta har ta fi tawa kaifi. Ba ta ko ɗago daga tafireta ba ta ce, "Cif, ai Ɗanladi ba shi da matauni ko ɗaya. Duk an cire. Kunu yake sha."

Na miƙe tsaye. Hannuna har ya kai aljihu. Na ce, "To Kawu, yau gyaɗa ta yi ƙarya."

"Gyaɗa ba ta yi ƙarya ba. Ba a tambaye ta ba ne."

Washegari ya sanar da ni cewa shi ma ya shigo da gyara irin na zamani. Daga ranar, kafin ya tura wa mai neman aiki faranti, sai ya ce, "Yi mani dariya tukuna." Na ga malamin Larabci mai gemu har ƙirji yana washe baki a gaban Kawu, shi kuma ya leƙa sosai, sa'an nan ya ce, "Tau, bismillah." Dariya ta hana ni fito da ambulan.

Sai na koma kan makara. Kawu yana da tasa hanyar ta sanin wanda ya makara, kuma duk kun sha ta. Da ƙarfe tara zai fito, hannu a baya, ya bi rumfar kekuna yana ɗora bayan hannunsa a kan kowane sirdi kamar mai duba zazzaɓi. Sirdi mai sanyi, mai shi ya daɗe da zuwa. Sirdi mai ɗumi, yanzu aka sauka. Malam Haladu na ajin tarihi ya yi dabara, in ya makara sai ya kwarara wa sirdinsa ruwan buta. Kawu ya taɓa, ya dubi hannunsa, ya aika a kira shi.

"Malam Haladu, keken naka alwalla ya yi? In salla zai yi a nuna mashi gabas."

Ni na ce wannan abin kunya ne a makarantar da ke horar da malamai. Na sayo rajista mai kauri, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Mako guda na duba, ashe kwalejinmu ta fi barikin soja tsari, kowa bakwai da rabi. Na tsaya da agogo a hannu. Baba mai dafa abinci ya iso goma saura, ya lanƙwasa a gabana ya rubuta bakwai da rabi.

"Baba, ƙarfe nawa yanzu?"

"Yo ni na sani? Abin da na sama ya sa na kwafa."

Daga can cikin ofis na ji muryar Kawu, a hankali, kamar da bango yake: "Takarda ba ta gardama."

Raina ya ɓaci. Na ce daga gobe ƙarfe takwas zan ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗa ƙasan layi sau uku ya sha takardar gargaɗi. Na nemi jan biro. A duk kwalejin guda ɗaya ne, yana durowar Kawu a kulle.

"Jan biro na mutuwa ne da barin aiki," in ji shi. "Da shi nake rufe fayil. Tun da aka sayo shi sau tara na buɗe shi. Ba na ado ba ne."

Na sayo nawa a kasuwar Funtuwa, na ja layi har yana huda takarda. Litinin, Talata, Laraba, mutum na farko da ya cika sau uku a ƙasan layi shi ne Firinsifal. Ma'aikata suka taru a baranda suna jiran su ga yadda doka za ta ci mai gida. Ina zaune ina zufa, sai ga Kawu ya ajiye mini tsohuwar ambulan da ya juya cikinta waje.

"Ga ta nan, ka sa takardar Firinsifal. Ba sai ka sa kan sarki ba, ofishinshi taku goma ne."

A wannan makon jan layi ya rasu, ba a yi masa zaman makoki ba.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne fayilolinsa. A Zariya an koya mana a auna kowane ma'aikaci duk shekara da fom mai shafi huɗu. Kawu kuwa ɗan yagin ambulan yake maƙalawa da fil a cikin bangon fayil, layi ɗaya ko biyu da fensir. Na wani: "Yana gaisuwa." Na wani: "Kada a haɗa shi aiki da surukinshi." Na Malam Haladu: "In ya ce ba komai, akwai komai." Na Madam Felishiya: "Ta fi mu duka. Kada a gaya mata." Na ce wannan ba aunawa ba ce, tsegumi ne mai fil. Amma da dai na ga kowa da nasa, sai na nemi nawa.

"Kawu, ina fayil ɗina?"

"Mutum ba ya ganin ƙeyarshi."

"Ni ne fa jami'in kula da ma'aikata."

"Shi ma ƙeya gare shi."

Babban aikina shi ne jadawalin hutu. Kwana uku ina zana shi da rula. Na raba ma'aikata cikin watanni goma sha biyu daidai wa daida, bisa harafin farko na sunan kowa, babu sani babu sabo. Na liƙa shi a allo na ja da baya ina kallo kamar na gina bene. Kawu ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Malam Abdu hutu a Janairu? Me zai shuka, sanyi?"

Na ce hutu don hutawa ake ba da shi, ba don noma ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Allah ya kyauta," ya wuce.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Lahadi da yamma, irin wanda ke sa ƙasa ƙamshi. Litinin na iso bakwai da rabi na gaskiya, na tarar da rumfar kekuna wayam. Babu malamai, babu mai shara, babu mai kaɗa ƙararrawa, murhun kicin ko hayaƙi babu. Ɗalibai sun jeru da kwanoni a hannu suna kallona kamar ni ne tuwon. Daga ni sai Firinsifal sai Madam Felishiya. Na leƙa ofis in tambayi Kawu yadda za a yi, kujerarsa ma babu kowa.

Na ce alhamdu lillahi, ga kuskuren da nake jira. Babban akawu ya gudu daga aiki. Na hau keke na nufi gonarsa ta hanyar Dayi, ina tuƙi ina haɗa maganar da zan faɗa. Na same shi ya naɗe wando yana saran sungumi. Ban gama jingine keke ba ya miƙo mini ƙwaryar iri.

"Madalla da ka zo. Bi ni, uku-uku, ka danne da diddige."

Wanda ya raine ka in ya miƙo maka ƙwarya, hannunka ke karɓa kafin kanka ya yi shawara. Na bi shi da takalmin ofis, ina zuba dawa ina dannewa. Sai da muka kai ƙarshen layi na samu numfashin cewa, "Kawu, makaranta ta watse."

"Ai kai ka watsa ta."

"Ni?"

"Da, in ruwa ya sauka, masu jigawa nake saki kwana biyu, don tasu ke saurin shanyewa. Masu laka su riƙe azuzuwa, sun san ruwa na biyu nasu ne. Masu fadama ba su da gaggawa, sai can gaba. Felishiya da 'yan'uwanta ba su da gona, nasu Disamba ne, su je gida Kirsimati. Kowa ya san layinshi zai zo, shi ya sa yake tsare ma ɗan'uwanshi. Kai ka zo ka jera su da baƙaƙe. Ruwa ya san baƙaƙe? Ka ce babu layi, kowa ya yi ta kanshi."

"To kai fa, me ya fito da kai?"

"Ni ma jigawa gare ni."

Na tambaye shi a ina wannan tsarin yake rubuce. Ya nuna hularsa da kan sungumi. Ashe ƙasar gonar kowane ma'aikaci tana cikin kansa, har da wanda rabin gonarsa jigawa ne rabi laka, wanda yake ba kwana ɗaya-ɗaya. Muka yi shuka har azahar. Zufa ta jiƙa ambulan ɗin a aljihuna, ban fito da ita ba. Na ce ba a miƙa wa mutum irin wannan takarda da hannu mai taɓo.

A makon na cire jadawalina daga allo. Kawu ya karɓa, don bayansa. Na zauna kusa da shi yana faɗa ina rubutawa, na ƙara sabon gurbi a fom ɗin kowane ma'aikaci: irin ƙasar gonarsa. Da Alhaji Mamman ya gani sai ya buga tebur ya ce wa 'yan hukuma, "Kun ga amfanin ilimin zamani ko? Wa zai yi tunanin wanga in ba ɗan Zariya ba?" Na karɓi yabon. Allah ya yafe mini.

Kaka ta yi, auduga ta yi fari a gonaki, Alhaji ya aiko a gaya mini hukuma za ta zauna ranar Asabar, kuma ba ta son ganin mutum biyu a akwati ɗaya. Kuskuren da nake jira bai zo ba. Ni ne ma na tara su. Gaskiya ban taɓa jin tsoron wani abu kamar wannan ƙofar ofis ɗin ba, ƙofar da nake shiga kullum.

Ranar Alhamis bayan an tashi na shiga na zauna a kujerar masu neman aiki. Kawu ya dube ni ta saman tabarau, ya turo faranti.

"Yi mani dariya tukuna."

Na gwada, leɓe ya ɗaga, dariyar ta ƙi. Na riƙa ɓarar gyaɗa don in samu abin yi da hannuna. Da na ga zan ɓare farantin duka, sai na zaro ambulan na ajiye a gabansa.

Ya ɗaga ta ya juya. "Sabuwa ce fa ka lalata haka." Ya ciro fil daga hularsa ya buɗe ta a hankali ta wajen liƙin, don ta sake amfani. Ya karanta har ƙasa.

"Ka ce 'cikin baƙin ciki'. Ba a ƙarya a takardar ofis."

"Ba ƙarya ba ce, Kawu."

Sa'an nan ya buɗe durowa ya zaro wani kabon da aka miƙe ƙudundunarsa, ya ɗaga shi saitin taga. Ga takardata nan kalma-kalma, haske na ratsa ta.

"Litinin ɗin farko na tsince shi a kwando. Lawal, sabon kabon, sau ɗaya ka buga ka jefar? Wallahi wanga ya fi mani korar ciwo."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, tare da hawaye. Wata shida ina ɓoyon abin da ke durowarsa. Na ce, "Kawu, ka sani duk tsawon nan, me ya hana ka magana?"

"Damina ɗaya nake so ka gani. Wanda bai ga damina a ofishin nan ba bai san mutanen ba. Da ka ba ni ita tun farko da na ƙi karɓa. Yanzu kam ka ci ka sha."

Ya jawo nasa fayil ɗin, ya fito da wata takarda da ya rubuta da hannunsa a bayan ɗaya daga cikin foma-fomaina. Roƙo ne ga hukuma ta bar shi ya ajiye aiki don ya fuskanci gonarsa.

"Wannan za ka kai masu ranar Asabar. Ba zan bari 'yar'uwata ta ji a gari cewa ɗanta ya kori yayanta ba, ka zo kana sunne kai a gidan suna da gidan biki har ka tsufa. Ni na tafi da ƙafata. Takarda ba ta gardama."

"Tawa fa?"

"Bayanta fari ne."

Ya buɗe jan biro, ya ja layi a bangon fayil ɗinsa da kansa, ya ce, "Sau goma ke nan." Ya rufe ya miƙo mini. Ranar da zai tafi ya bar mini makullai da faranti, ya ce fayil ɗina yana durowar ƙasa, kada in buɗe sai ya mutu. Buhun ɓawo kam ya tafi da abinsa. Har ya hau keke ya sauko ya dawo, wai ya bar fil ɗaya a kan tebur kuma nasa ne na kansa.

Shekara shida ya yi yana noma jigawarsa. Duk ruwan fari sai ya aiko a tambaye ni ko na saki masu jigawa. Fom ɗin zamani ban daina ba, har na ƙara wasu, amma ban taɓa ɗaukar mutum aiki faranti na nesa da shi ba. Durowar ƙasa kuwa ban taɓa ta ba, abin da ni kaina ya ba ni mamaki.

Da muka dawo daga binne shi, na wuce ofis da ƙurar maƙabarta a ƙafata na buɗe. A cikin bangon fayil ɗina akwai ɗan yagi maƙale da fil. Na juya shi na ga rubutun tafireta, rabin kalmar "baƙin ciki". Takardata ce ya yaga. A bayanta, da fensir:

"Ya ɓare goma sha ɗaya, bai ci ko guda ba, ya turo mani su gabana bai sani ba. Haƙoranshi lafiya lau, na duba. A ba shi mutane."

Na yi kuka a ofishin nan irin wanda ban yi a maƙabarta ba.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya sa ƙasa ta yi masa sanyi. Ya rufa mini asiri ranar da na je tona nasa, Allah ya rufa masa a ranar da za a buɗe fayil ɗin kowa. Ya Ubangiji, in an samu kuskure a shafinsa na gaba, ka juya masa bayan takardar, ka sa ya tarar da shi fari. Amin.